Barka da salla daga Santambul

Inna,

Assalamu alaikum. Barkanku da salla, Allah ya maimaita mana. A gaida mini Gwaggo da Yaya da yara, da duk wanda ya shigo gida yau. Na san yanzu an banƙare raguna a ƙofar gida, hayaƙi ya rufe Tawa. A nan ba a yanka a bakin titi, hukuma ta keɓe wuraren layya, shi ya sa Baba ya ce sallar Turkawa ba ta da ƙamshi.

Ku kwantar da hankalinku, lafiyarsa lau. Likita ya duba idon, ya ce aiki ya yi kyau, kuma ya ba shi izinin fita. Istanbul ne sunan garin, amma shi Santambul yake cewa, yadda ya ji a bakin tsofaffi.

A masallacin Aya Sofiya muka yi idi. Kun san Baba da gini, shekara arba'in yana wannan sana'a. Da aka sallame ya ɗaga kai yana kallon ƙubbar har hularsa ta faɗi. Na gaya masa an gama gina Aya Sofiya a 537, shekara talatin da ƴan kai kafin haihuwar Manzon Allah, kuma coci ce har 1453, lokacin da Sarki Muhammadu Fatih ya ci garin. Bai ce komai ba. Ya dafa ginshiƙi da tafin hannu, yadda yake dafa bango in yana son sanin ko ya bushe, ya daɗe a haka. Babbar kasuwarsu kuwa a rufe take saboda salla, ƙofarta kaɗai muka gani.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne na bayan azahar. Mun shiga jirgin ruwa zuwa unguwar Eyup, inda kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, sahabin da raƙumar Annabi ta durƙusa kusa da gidansa a Madina, ya sauke shi. Da tsufansa ya biyo rundunar Musulmi har bakin ganuwar wannan gari, nan ajali ya same shi. Mutane maƙil, ana rabon alewa. Baba ya yi sallama, ya yi addu'a, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Inna, tun da nake ban taɓa gani ba, ko ranar rasuwar Kaka.

Da muka fito tsakar masallacin ya zauna a inuwar wani tsohon icce, ya ce, "Wanda ya sauke Annabi, ga shi kwance cikin baƙunta." Sannan ya kama hannuna ya ce ya yafe mini tafiyar da na yi ba da son ransa ba. Shekara shida ke nan ina ɗauke da wannan abu a ƙirji. Na kasa magana, sai na sumbaci hannunsa na kai goshi, yadda yaran nan ke yi wa manya ranar salla.

Ranar Alhamis zai sauka Yamai in Allah ya yarda, Yaya ya tarbe shi. Akwai abaya taku da sallaya a jakarsa, da maganin ɗigawa na ido, sau uku a rana, kada a bari ya yi wasa da shi. Ku soya mini nama ku ajiye, wani ɗan Kwanni zai taho watan gobe.

Ɗanku