Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamar da Ta Tambayi Inda Yara Ke Koyon Faɗa

Malama, barka da aiki.

A taron malaman ƙananan yara kin tambaye ni a bainar jama'a: ɗan shekara biyu da ke cizon 'yan ajinsa, a ina ya koyo, gida ko talabijin? Kuma masu bincike sun gano abin da zai amfane ki? Amsar a taƙaice: bai buƙaci malami ba. Dainawa ce ake koya wa yaro. Hujjata aikin mutum guda ne, Richard Tremblay na Jami'ar Montreal a Kanada, wanda ya shafe fiye da shekara 30 a kan wannan tambaya.

Da manya ya fara, masu laifi da ke tsare a asibitin masu taɓin hankali, sannan ya koma kan samari. Duk inda ya tsaya sai ya ga ya makara, matsalar ta riga shi zuwa. A 1984 ya ɗauki yara maza kimanin 1,000 'yan shekara shida daga unguwannin talakawa a Montreal, ya shiga bin diddiginsu. Ma'aunin ba wani abin mamaki ba ne. Malamin aji ke cika takarda: yaron na faɗa da yara? Yana shuri, cizo ko duka? Yana cin zalin wasu? Amsa uku ce: ba ya yi, jefi-jefi, ko sau da yawa. Da yake malamai na canjawa daga aji zuwa aji, tsanar da mutum ɗaya ya yi wa yaro ba za ta bi shi har ƙarshen lissafi ba.

Kowa ya zaci faɗa zai ƙaru in an doshi balaga. Sai lissafin da ya fitar tare da wani mai bincike, Daniel Nagin, a 1999 ya nuna akasin haka: daga shekara shida zuwa 15 yawancin yaran raguwa suka yi. Kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai suka ɗore a kan faɗa mai tsanani. Idan ɗan shekara shida ya riga ya fara saukowa, yaushe ya hau? Wannan ya tura shi wajen jarirai. An bi jariran lardin Quebec na Kanada tun suna wata biyar, aka tarar duka, turi, cizo da fizge kaya sun fi yawa tsakanin shekara biyu da uku da rabi, daga nan su sauko. Abin da ya ɓoye wannan tuntuni shi ne mantuwa da kuma rashin ƙarfi. Ki tambayi uwar saurayi, za ta rantse ɗanta salihi ne yana ƙarami, don naushin ɗan yaye ba ya kai kowa asibiti.

Saboda haka yaron ajinki yana kan ganiyar abin ne. Tambayar da ta dace ita ce ko yana saukowa. Waɗanda ba su sauko ba, binciken ya nuna alamun da suka fi yawa a gidajensu: uwa ta fara haihuwa da ƙuruciya, ta sha sigari da ciki, ita ma ta yi fama da rikici tana 'yar makaranta, ga talauci, ga tsawa da horo mai zafi tun yaro na jariri. Waɗannan alamun haɗari ne, ba hukunci ba, kuma ban kawo su don a ɗora wa iyaye mata laifi ba. Suna nuna gidan da ya kamata taimako ya fara isa ne.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne gwajin gyara. An zaɓi wasu daga yaran Montreal ɗin nan da suka fi ƙiriniya, aka yi aiki da su shekara biyu, daga bakwai zuwa tara. Ana zuwa gida a koya wa iyaye sa ido, yabon kyakkyawan hali da horon da ba duka. A makaranta kuwa ana sa mai ƙiriniya cikin ƙaramin rukuni da yara masu natsuwa suka fi yawa. Da suka kai shekara 24, waɗanda aka yi wa wannan sun fi takwarorinsu kammala sakandare, kuma sun fi su ƙarancin shiga kundin masu laifi. Ki lura da haɗin rukunin. Tara masu faɗa wuri guda kuskure ne da aka sha yi, domin junansu suke koya wa, kowa na dariyar ɓarnar ɗan'uwansa.

A aikace, ki ɗauki mako biyu kina rubutawa: ƙarfe nawa ya yi cizon, wa ya ciza, me ya faru daf da shi. Sau da yawa za ki tarar rigimar abin wasa ce, ko yunwa, ko barci. In ya kai baki, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki raba su, ki ce "Ba a cizo, da zafi", ki juya ga wanda aka ciza. Bayan ya huce ki ba shi kalmar da ya rasa: "ba ni", "nawa ne", "bari". Kada ki rama masa cizon don wai ya ɗanɗana, kuma kada kukansa ya sa ya tafi da abin da ya ƙwace, don gobe zai maimaita. Ki sake ƙirga bayan wata uku. In adadin bai ragu ba, ko maganarsa na baya da ta tsaransa, ki zauna da iyayensa a nemi likitan yara ya duba jinsa da maganarsa.

Na gode da tambayarki.