Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Hoton Ciki

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bara kawuna ya fara sassauta zariyar wandonsa, yana cewa tuwo na tokare masa ƙirji. Kafin damina ta sauka, ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya tasa, da tauri, kamar an kifa ƙoƙo a bayan fata. Aka ce sammu ne. Wanzami ya yi tsaga, aka sha sassaƙe, watanni suka tafi.

Da muka kai shi asibiti aka yi sikanin, mai hoton ya ce ƙarin ya cika ciki har ya kasa tantance daga hanta ya taso ko daga ƙoda. Nan iyakar sikanin take idan ƙari ya girma: yana ture kayan ciki, iskar hanji kuma ta tare gani. Sai na'urar CT, wadda ake zuba ruwan allura a jijiya ta nuna tushen ƙarin da jijiyoyin da ya naɗe. Gane ko ƙurji ne ko kansa shi ne rai, domin ƙurjin hanta mai mugunya magani da zuƙewa ke warkar da shi, kansar hanta kuwa hanyarta daban.

Muka sayar da raguna biyu, muka yi tafiyar yini, muka tarar na'urar ta lalace. A wani gari aka yi hoton. Kansa ce, ta riga ta shiga babbar jijiyar hanta, tiyata ba ta yiwuwa. Ashe shekaru yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, mai iya jawo kansar hanta, bai sani ba. Allah Ya jiƙansa.

Ranka ya daɗe, kai ɗan Misau ne, ka shugabanci hukumar lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, ka san ƙauye. Likitoci sun ce mai haɗarin kansar hanta a riƙa yi masa sikanin duk wata 6, a kama ƙarin yana ƙarami. Muna roƙo kowane babban asibiti ya samu na'urar sikanin da ƙwararren da zai karanta ta. Na'urorin CT a haɗa sayensu da kwangilar gyara da wuta tsayayya. Sannan hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA), da dokar 2022 ta kafa, ta ɗauki cikakken kuɗin hoton nan ga talaka.

'Ya'yan kawu uku an gwada su, biyu suna da ciwon hanta nau'in B. Watan gobe ne sikanin ɗinsu na farko.

Wassalam,
Wani ɗan'uwan mamaci