Jinyar ciwon damuwa da maganaɗisu: a tambaya kafin a zauna a kujerar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku na shafin lafiya kan jinyar ciwon damuwa da maganaɗisu, wadda ake kira TMS, kuma na gode da kuka taɓo batun. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ɗora wannan na'ura a kan marasa lafiya yana cikin aikina. Tun fitowar rahoton ake tare ni da tambaya iri biyu. Wasu na cewa ai shokin lantarki ne aka sake wa riga, wasu kuma har sun fara shawarar ajiye ƙwayoyinsu. Duka biyun sun tayar mini da hankali, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shokin lantarki daban ne. A can ana sa mutum barci, a tayar masa da jijjiga da gangan a ƙarƙashin kulawar likita, kuma yakan taɓa ƙarfin tuna abubuwa na ɗan lokaci, duk da cewa yana ceton rai idan ciwo ya yi tsanani. A TMS kuwa mutum na zaune a kujera idonsa biyu, muna hira. Ana jingina masa naɗaɗɗiyar waya a gefen hagu na kai, sama da goshi kaɗan. Wayar na fitar da bugun maganaɗisu da ke ratsa ƙoƙon kai, ya haifar da 'yar wutar lantarki kaɗan a ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashinta, ya zaburar da jijiyoyin wurin. Idan an gama mutum ya tashi ya kama gabansa. Ba sabon abu ba ne kamar yadda ake zato: Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna na'urar a Sheffield ta Ingila a 1985, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, kuma ta amince da ita don ciwon damuwa a 2008.

Abin da na fi so masu karatu su gane shi ne batun daidaita jinyar da kowane mutum, don a nan ake yawan ruɗar iyalai. Mataki na farko kowa ana yi masa, a ranar farko. Mara lafiya zai ɗora hannunsa na dama a cinya, tafin a buɗe, ya saki jiki. Mu kuma muna matsar da wayar a hankali a saman kansa, muna sakin bugu ɗaya-ɗaya, idonmu a kan babban yatsansa. Can sai ka ga yatsan ya zabura da kansa. Na sha ganin dattijo ya dubi hannunsa ya dube ni, ya ce, "'Yata, wallahi ba ni na motsa shi ba." Daga nan muke rage ƙarfi har mu sami mafi ƙanƙantar bugun da ke motsa yatsan, kuma a kansa ake auna ƙarfin da za a yi masa jinya da shi. Na wani ba ya yi wa wani. Rashin barci, barasa da canjin magani duk suna iya sauya wannan ma'auni, shi ya sa muke damun mutane da tambaya kowace safiya.

Mataki na biyu shi ne gano ainihin wurin da za a buga. Da can ana auna santimita biyar ne gaba da inda yatsa ya motsa, alhali kan mutane ba girma ɗaya ba ne. Yanzu wasu cibiyoyi na ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI su nemo wurin da ya dace da mutum shi kaɗai, bisa yadda sashen gaban ƙwaƙwalwarsa ke hulɗa da wani sashe na can ciki da ke da hannu a baƙin ciki. Haka aka yi a tsarin SAINT na Jami'ar Stanford, wanda Nolan Williams ya jagoranta, FDA ta amince da shi a 2022: zama goma a rana, kwana biyar, maimakon zuwa kullum na mako huɗu zuwa shida. A gwajinsu, 11 cikin 14 da aka yi wa jinyar gaske sun fita daga ciwon a makonnin da aka bi diddiginsu, a ɓangaren waɗanda aka ɗora wa na'urar bogi don kwatantawa kuwa 2 ne cikin 15. Abin farin ciki ne ƙwarai, amma mutum 29 ne duka-duka. A 2024 an fitar da sakamakon wani gwaji a Ingila mai mutum 255, inda aka gwada bugun da aka saita bisa hulɗar sassan ƙwaƙwalwa da bugun da aka saba yi. Duka rukunin biyu sun sami sauƙi, babu wanda ya fi wani a zo a gani. Don haka idan wata cibiya ta ce tana da tsari na musamman da aka ɗinka wa ɗan'uwanka shi kaɗai, musamman idan har da alƙawarin warkar da cututtuka barkatai, a tambaye su da me suka auna, kuma a wane gwaji aka tabbatar da tsarin nasu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Akwai 'yar wahala. Bugun na da ƙara, dole a toshe kunne, kuma ji ake kamar ana ƙwanƙwasa kai da yatsa da sauri. Ciwon kai da zafin fatar kai sun zama ruwan dare a makon farko, sannan su lafa. Jijjiga na iya faruwa amma da wuya sosai. Mai farfaɗiya, ko mai ƙarfe a cikin kai irin na'urar ji da ake dasawa a kunne, lalle ya faɗa tun kafin a fara. Wanda ciwonsa ke kai shi sama ya dawo da shi ƙasa, wato wani lokaci baƙin ciki, wani lokaci zumuɗi da rashin barci, shi ma sai an sa masa ido, don jinyar na iya tunzura zumuɗin.

Su wa aka fi yi wa? Waɗanda suka sha magani yadda ya kamata bai yi musu ba, ko jikinsu ya kasa ɗaukar illarsa. Yawancinsu suna ci gaba da shan ƙwayoyinsu a lokacin jinyar. Sauƙin kuma ba ya zuwa dare ɗaya. Sau da yawa iyali ne ke riga mara lafiya lura: wata uwa ta ja ni gefe a mako na uku ta ce 'yarta ta fara wanka ba sai an roƙe ta ba, alhali ita yarinyar tana ce mini ba ta ga wani canji ba. Akwai kuma waɗanda suka kammala ba su sami komai ba, akwai waɗanda ciwon ya dawo musu bayan watanni aka sake zagaye.

Roƙona gare ku, Edita, idan za ku sake rubutu a kan wannan, ku sa a fili cewa kada kowa ya daina shan magani ba da sanin likitansa ba. Wanda kuma ya fara tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a zauna jiran layin na'ura.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya, mai karanta jaridarku