Wasiƙa daga Nima: kwamfutar nan ta sha ni

Nima, Accra

Aminina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya sanyin Hamburg? Mu nan hunturu ya kankama, ƙura har cikin kwanon tuwo. Hajiya tana lafiya. Jiya ma ta yi cigiyarka, ta ce tun Babbar Sallah ba ta ji muryarka ba. Ka kira ta don Allah, na gaji da yi maka lauya.

Ka tambayi dalilin da ya sa na yi shiru mako uku. To, kwamfutar nan ce, wadda ka yi ta zuga ni in haɗa da hannuna maimakon in sayi haɗaɗɗiya. Ka san kayan cikinta, tunda tare muka zaɓa a waya: furosesa Ryzen 5 3600 (mai yin lissafin), madabod B450 (allon da ake soka komai a kai), katin hoto, da RAM (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita nan take) mai gig 8. Shekara guda tana aiki kamar jaki, duk bidiyon biki da suna da na tace a zangon nan a kanta na yi. Sai ga shi a watan da aiki ya fi yawa ta fara sandarewa. Ba ta mutuwa, ba ta nuna shuɗin allon nan na kuskure. Kawai sai hoton ya tsaya cak, maus ya ƙi motsi, fanka kuwa tana ta juyawa abinta. Na tuna dabarar da ka koya mini, in danna Caps Lock in ga ko ɗan fitilar kibod zai amsa. Ko gezau. Dole sai na danne maɓallin kunnawa har ta mutu.

Abin haushin, ba ta yi sai ina fitar da bidiyo. Akwai wani biki da aka yi a Madina ta nan Accra, awa biyu da rabi, sau biyar tana kaiwa tsakiya ta ƙage. Uwar amarya kuwa kullum bayan Magariba sai ta bugo waya, da muryar nan mai sanyi wadda ta fi zagi ciwo: “Ɗana, ko dai kaset ɗin ya ɓata ne?”

Wa na fara zargi? Wuta mana. Duk wanda ya ga dumsor, yawan ɗauke wutar nan na 2015, ba ya buƙatar shaida kafin ya ɗora wa lantarki laifi. Na hau trotro zuwa kasuwar Circle, na sayo sitabilaiza, na dawo ina jin kaina gwani. Allurarta tana zaune daram a kusa da bolt 230, kwamfuta kuma ta ƙara sandarewa a daren. Na koma kan ƙura. A nan kam akwai ƙamshin gaskiya, don da na buɗe akwatin na tarar da fankar furosesa ta yi gemu. Na hure, na goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya shi, na ɗiga sabo. Zafin ya sauko daga tamanin da wani abu zuwa saba'in da kaɗan, alhali iyakar wannan furosesa digiri 95 ne, ka ga dama can bai kai ga haɗari ba. Ta yi tsabta, amma ba ta warke ba.

Daga nan kowa ya zama likita. Ƙanena ya rantse bairos ne. Gwaggo ta leƙo ta ce abin da ke tsayawa sai ana tsakar neman kuɗi ba na banza ba ne, a nemi malam. Ban bi ta Gwaggo ba, amma na bi ta ƙanena, kuma tasa ta fi cutar da ni: na yi fomatin, na sake zuba Windows da manhajojina duka, kwana biyu suka tafi, data ta ƙare. Na kuma ɓata dare guda a Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakuransa, ina bin wani kuskure mai suna Kernel-Power 41, ina murna na kama ɓarawo. Ashe abin da yake faɗa kawai shi ne an kashe na'ura ba ta hanyar da ta dace ba. Wato ni yake kai ƙara, ni da na danne maɓalli.

Katin hoto ma ya sha tuhuma. Wannan furosesa ba shi da nasa sashen hoto, don haka ba dama in zare katin in gwada haka nan, sai da na aro wani a unguwar Maamobi. Bai canza komai ba.

Wani dare bayan Isha'i na zauna da kofin shayi na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko: na ɗauko takarda na rubuta duk abin da na taɓa a cikin akwatin tun da na haɗa ta. Layi na uku ya sa na ajiye biro. Wajen wata biyu kafin matsalar, na ga RAM na hannu mai gig 8 a wajen wani mai tebur, da araha, na saya na soka kusa da nawa don su zama 16. Ta tashi lafiya, na manta da zancen, don lokacin ba ni da aiki mai nauyi.

Na ɗora MemTest86, manhajar gwada RAM, a filas, na tayar da kwamfutar daga kansa, don shi ba ruwansa da Windows, ƙwaƙwalwar kawai yake cika da lambobi ya karanto ya ga ko sun dawo daidai. Kafin in gama shayin kurakurai sun fara zubowa da jan rubutu. Na zare sabon, na bar tsohon: zagaye huɗu, babu ko ɗaya. Na musanya, na bar sabon shi kaɗai: shi ma fes. To, ina gizo ke saƙa? Da na duba bayanansu a manhajar CPU-Z sai na ga gudun nawa 3200 ne, na hannun kuwa 2666. Ni kuma tun ranar haɗawa na shiga BIOS, wato saitin madabod, na kunna XMP, abin da ke ɗaga gudun RAM zuwa wanda aka rubuta a jikinsa, ya kuma ƙara masa wuta daga bolt 1.2 zuwa 1.35. Da na ƙara na biyun, sai madabod ya tilasta masa gudun na farko. Kamar ka ɗaura doki da jaki a amalanke ɗaya ka ce su yi sukuwa. In hanya shimfiɗe ce su lallaɓa, da an ɗora kaya an ɗau zafi sai jakin ya gurfana.

Mai teburin bai cuce ni ba, kayansa lafiya lau. Laifi tudu ne, na taka nawa mako uku ina hango na lantarki.

Na kashe XMP, na bar su biyun suna tafiya a gudun mai rauni, na tabbatar suna rami na biyu da na huɗu daga furosesa kamar yadda littafin madabod ya ce. Gwajin ya kwana yana yi, ba kuskure. Washegari bidiyon Madina ya fita daga farko har ƙarshe, ina zaune a gabansa kamar mai jinya. Da na kai wa uwar amarya, ta sa mini albarka, ta kuma rage sidi hamsin na jinkiri daga kuɗin aikina. Ban ce uffan ba.

Yanzu ga roƙona. An ce ɗan yayarka zai zo gida kafin azumi. In da hali, ka sayo mini RAM DDR4 na 3200, guda biyu masu gig 16 kowanne, amma lallai waɗanda aka sayar tare a kwali ɗaya, kada ka tsinto ɗaya nan ɗaya can. Ka gaya mini kuɗin in bai wa Hajiya a nan, mu huta da kuɗin aike. Sitabilaizar kuwa tana ƙarƙashin firij ɗinta, ta ce ita ce kyauta mafi amfani da na taɓa yi mata, ni kuma ban gaya mata yadda aka yi ba.

Ka gaishe da uwargida da yara. 'Yan majalisar shayi duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka, amininka na Nima