Wasiƙa kan bugun zuciya da jijiyoyin mai ciwon suga

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki. Ka tambaye ni yadda ake gane suga ya fara cin jijiyoyin da ke sarrafa zuciya tun majiyyaci bai ji komai a jikinsa ba.

Zuciyar mai lafiya ba ta tafiya daidai wa daida kamar agogo. In ya shaƙi iska takan ƙara sauri, in ya fitar ta sassauta. Jijiyar vagus, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka zuwa zuciya da ciki, ita ce ke wannan aiki, kuma da yake doguwa ce, ita suga ke fara taɓawa. Shi ya sa bambancin saurin bugun ke raguwa tun kafin jiri ya zo, tun kafin bugu ya haura 100 a minti mutum yana zaune.

Cikin gwaje-gwajen da likita Ewing ya tsara a Edinburgh ta ƙasar Scotland, na numfashi na fi so ka riƙe. Majiyyaci ya huta kamar minti 10, ka haɗa masa na'urar ECG mai zana bugun zuciya, ya ja dogon numfashi sau 6 a minti ɗaya: daƙiƙa 5 yana shaƙa, 5 yana fitarwa. A kowane zagaye ka cire bugu mafi ƙaranci daga mafi yawa, ka fitar da matsakaici. Bambancin bugu 15 a minti zuwa sama lafiya ce, 10 zuwa ƙasa akwai matsala, abin da ya faɗa tsakani a sake shi. Ka duba shekarunsa, don tsufa kaɗai na rage bambancin.

Sannan ya miƙe tsaye. In awon jininsa na sama ya faɗi da 20 mmHg (ma'aunin awon jini) cikin minti 3, ɓarnar ta yi nisa. Gwajin hura iska cikin bututu da ƙarfin 40 mmHg na daƙiƙa 15 kuwa, kada ka yi wa wanda suga ya lalata masa jijiyoyin jinin ido.

Inda aka fi samun kuskure shi ne shiri. Kofi, taba, abincin da bai kai awa 2 ba, zazzaɓi, faɗuwar suga da magunguna masu rage saurin bugun zuciya irin su atenolol duk suna jirkita sakamako. In bugun ya rikice tun asali, lissafin ba shi da amfani. Matsala a gwaji ɗaya zato ne kawai, a gwaje-gwaje biyu daban-daban ne ke tabbatarwa.

Don Allah ka fara duba masu ciwon suga nau'i na 2 tun lokacin da aka gano ciwon, masu nau'i na 1 bayan shekara 5. Wanda jijiyoyinsa suka lalace, ciwon zuciya kan kama shi ba tare da zafin ƙirji ba, kuma lallai mai ba da maganin barci ya sani kafin tiyata.

Ka gaida mutanen gida. Wassalam.

Naka har kullum