Wasiƙa zuwa ga Habu, daga Garwa

Assalamu alaikum Habu,

Ya kake, ya sanyin Liyon, ya madam da yara? Mu nan lafiya lau alhamdulillah, sai zafi, Binuwai ma ta ja baya sosai. Na ga saƙonka cewa wani kabine na masu ba kamfanoni shawara ya maka tayin aiki a ɓangaren kama iskar kabon, wato iskar nan mai ɗumama duniya da ake kamawa a adana, kana tambaya ko ka karɓa. Karɓa mutumina, kar ma ka tsaya dogon tunani. Amma dan Allah ka shiga da niyyar koyo ka dawo mana da shi.

Aikin na gaske ne, ba yayi ba ne. Mutanen Norway tun 1996 suke tura iskar nan ƙarƙashin teku a Sleipner, a shekarun baya har kusan tan miliyan 1 a shekara, kuma a 2025 suka buɗe na'urar kama ta a masana'antar siminti ta Brevik, an tsara ta kan tan 400,000 a shekara. Na simintin nan shi ya fi jan hankalina saboda namu na Figil, don shi siminti ko da wace irin wuta ka gasa farin dutsen sai ya fitar da kabon, daga jikin dutsen take fitowa, to kama ta ɗin kusan shi ne mafita. Sai dai kuɗin ba na wasa ba ne. Masu tsotso ta kai tsaye daga sararin sama kuma irin Orca ta Climeworks a Iceland, tan 4,000 kacal a shekara kuma wuta take ci sosai, mu da wutar madatsar ruwan Lagdo ba ta isar gidaje in ruwa ya yi ƙasa, wannan ba namu ba ne yanzu.

Namu yana gona. Ka san karan auduga da ake tarawa a cinna wa wuta bayan girbi, da buntun shinkafa da ke jibge wajen Yagwa. In aka ƙona su a rami ko ganga aka hana iska shiga sosai sai su zama gawayi, a daka a cuɗa da kashin shanu a zuba a gona, ƙasa ta riƙe ruwa da taki, kabon ɗin kuma ya kwanta a ciki shekaru aru-aru. Kamfanonin waje suna biyan kuɗi a kan kowane tan da aka tabbatar.

To anan ne nake buƙatarka wallahi. Ni da nake riƙe wa ƙungiyoyin manoma lissafi ina ganin abin da ke faruwa, ɗan tsakani zai zo da kontira da Turanci shafi rututu, shugaban GIC, wato ƙungiyar manoman, ko Faransancin ma da ƙyar yake haɗawa, a ce masa sa hannu kawai kuɗi na zuwa. Ba wanda ke tambayar nawa ake sayar da tan ɗin a can, nawa ne kason manomi, wa zai biya masu zuwa awo da tantancewa, in na dashen itace ne shekara nawa aka ɗaure gonar, kuma gonar ma ta wa ce, ta mai nomawa ko sai jauro da lamido sun yarda? Abin na ci min rai sosai, don mutanen nan su ke shan hayaƙi da rana. Wanda ya zauna teburi ɗaya da masu sayen, ya san farashi da yadda ake awon, shi kaɗai zai iya tsaya musu.

Ka yi shekarunka can ka ƙware, musamman awo da rubuta kontira. Kafin nan in ka yarda zan turo maka ɗaya ta WhatsApp ka duba mana kafin su sa hannu, sun ce bayan sallah za a dawo.

Inna na gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga hoton jaririn ba. Ka gaida madam.

Naka,
Sale