Roƙon Tallafi Daga Kwamitin Masallaci Kan Aikin Da Baba Kafinta Ya Bari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Wannan takarda ta fito ne daga kwamitin masallacin Juma'a da makarantar Islamiyya na ƙauyenmu da ke yankin Ringim a Jihar Jigawa. Muna aika ta zuwa ga iyayenmu da 'yan'uwanmu mazauna gida, da 'ya'yan garin nan da neman halali ya kai Kano, Kaduna, Abuja da Legas, da kuma duk wani Musulmi da Allah ya sa ta iso hannunsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da yawa daga cikinku sun riga sun samu labarin rasuwar dattijon da yaro da babba ke kira Baba Kafinta, wanda Allah ya yi wa cikawa bayan gajeriyar jinya. Muna godiya ga waɗanda suka halarci jana'iza da waɗanda suka zo gaisuwa a kwanakin zaman makoki, Allah ya bai wa kowa lada. A ranar da aka kai shi makwancinsa, an ɗauke shi ne a makarar da shi ya haɗa wa masallacin nan da hannunsa shekaru da dama da suka wuce. Waɗanda suka taɓa sa kafaɗa a ƙarƙashin wannan makara sun san cewa ya goge hannayenta huɗu har suka yi sumul, ya kuma kashe kaifin gefensu, domin kada katako ya ci kafaɗar mai ɗauka idan tafiya ta yi nisa zuwa maƙabarta. Babu wanda ya ce masa ya yi haka, kuma babu wanda ya biya shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Marigayin ɗan gidan masassaƙa ne, a gaban mahaifinsa ya fara riƙe gizago, daga baya ya tafi Kano ya koyi aikin kafinta, ya dawo gida ya haɗa sana'o'in biyu a rumfa ɗaya da ke gabas da masallaci. Da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka ga aikinsa ba. Akwai turmin ƙirya da ya sassaƙa wa uwa, yau 'yarta ke daka a cikinsa. Akwai ƙotar fartanya da ta gatari, da kujera 'yar tsugunne, da ƙyauren ɗaki, da akwatin da aka kai amarya da shi. Allunan aduwa da yaranmu ke rubutu a kansu a makarantar allo kusan duk daga hannunsa suka fito, kuma idan allon yaro ya tsage, sai ya zaunar da shi a gefen rumfa, ya ɗaure tsagar da waya, ya kankare bakin allon, ya miƙa masa ya ce ya koma karatu. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan gyaran allo ba.

Abin da muka fi tunawa da shi shi ne yadda yake mu'amala da itace da ƙusa. Kafin ya sayi gungume, sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan gizago ya kasa kunne, idan ya ji amo irin na abu mai rami a ciki sai ya girgiza kai ya wuce, ko da mai itacen ya rage kuɗi. Yana da wani tsohon gwangwanin madara da yake tara ƙusoshin da suka lanƙwashe. Bayan la'asar, idan aiki ya lafa, sai ya zube su a kan dutse ya riƙa miƙar da su ɗaya bayan ɗaya da guduma, fensir a maƙale a gefen hularsa, yana yi yana amsa sallamar masu wucewa. Da waɗannan ƙusoshin yake gyara bencin makaranta da ƙofar bayin masallaci, saboda kada ya zo wa kwamiti da lissafin sayen sababbi. A shekarar 2022, lokacin da ambaliya ta rusa gidaje a sassa da dama na Jigawa, mu ma ba ta bar mu ba, shi ne ya bi kangwaye yana zaro azarar giginya daga cikin laka, yana ware wadda ke da sauran ƙarfi, har aka samu abin da aka sake rufa wa zawarawa da tsofaffi ɗakunan da suka sa kansu a ciki.

Malam Liman ya tunatar da mu a wajen ta'aziyya cewa wannan sana'a ce mai asali, domin ya tabbata a Sahihu Muslim daga Abu Huraira cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne, kuma mumbarin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya riƙa hawa yana huɗuba a Madina wani kafinta ne ya yi shi da itace. Mumbarin masallacinmu ma, mai matakala uku, aikin marigayi ne.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, kuma za mu faɗe shi yadda yake ko da bai yi mana daɗin faɗa ba. Lokacin da jama'a suka yi gayya suka tayar da ginin azuzuwa biyu na Islamiyya, kuɗin da ke hannun kwamiti ya ƙare daidai lokacin da aka zo kan rufi. Marigayi ya ce a bar masa, zai fara, idan kuɗi ya samu a biya shi. Ya ɗora katakon aji ɗaya, ya shafe shi da baƙin mai saboda gara, ya fara na biyu, sai ciwo ya kwantar da shi. Bayan rasuwarsa iyalinsa suka kawo mana wani ɗan littafi da yake rubuta lissafinsa a ciki da ajami, a nan ne muka ga abin da bai taɓa gaya wa ɗayanmu ba. Ashe katakon da muke gani a kan ginin bashi ya karɓo shi daga wani mai sayar da katako a Na'ibawa ta Kano, da sunansa, bisa amanar da ke tsakaninsu, ya kuma biya kuɗin mota daga aljihunsa. Duk wanda ya yi dakon kaya daga Kano tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya san abin da wannan ke nufi ga mutumin da ke ci da guminsa.

Mun zauna a kan wannan magana, kuma mun yarda cewa akwai sakaci daga ɓangarenmu. Mun saba da kunyarsa har muka daina tambayarsa nawa ne kuɗin aikinsa. An ruwaito daga Manzon Allah umarnin a bai wa ma'aikaci ladarsa kafin guminsa ya bushe, ga shi namu ma'aikacin har ƙasa ta rufe idonsa ba mu sallame shi ba. Shari'a ta sa ana fitar da bashi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado, kamar yadda ya zo a ayoyin gado na Suratun Nisa'i. Ke nan idan muka yi shiru, kuɗin katakon da ke kan makarantar 'ya'yanmu za a cire shi ne daga ɗan abin da ya bar wa marayunsa, kuma babu ɗan kwamitin da zai iya tsayawa gaban Allah da wannan. Bashin nan na makaranta ne, na garin nan ne, sunansa kawai ya ara mana. Saboda haka abu na farko da muke neman taimakonku a kai shi ne a biya mai katakon har ƙarshen lissafinsa, a kuma ƙiyasta ladar aikin da marigayi ya yi a kan rufin a damƙa wa magadansa. Mai katakon, Allah ya saka masa da alheri, ya zo gaisuwa da kansa kuma bai tayar da zancen ba, amma shirunsa bai sauke mana nauyi ba.

Sai kuma ƙarasa rufin. Bazara ta yi nisa, kuma kowa ya san irin iskar da ke zuwa da ruwan farko a wannan yanki. Katakon da aka ɗora ba a lulluɓe shi da kwano ba ba zai jure rana da ruwa na damina guda ba, zai kumbura ya karkace, ginin da ba a rufe kansa ba kuma zai sha ruwa ta sama. A halin yanzu yara na karatu a gindin darbejiyar da ke bakin masallaci, da zarar hadari ya haɗo sai malamai su sallame su. Abin da ake buƙata shi ne sauran katakon aji na biyu, da kwanon rufi na azuzuwan biyu, da ƙusa, da ƙofofi da tagogi. Wanda Allah ya hore wa bandir guda na kwano, wato falle 20, ya kawo. Wanda falle ɗaya zai iya, shi ma ya kawo, domin da falle ɗai-ɗai ake rufe ɗaki.

Akwai batun rumfarsa da kayan aikinsa, wanda muka ɗan jima muna tattaunawa kafin mu samu matsaya. Marigayi ya bar yara uku da ke koyon aiki a hannunsa, babbansu ya kai matsayin da zai iya ɗora rufi shi kaɗai, amma babu ɗayansu da ya mallaki zarto ko guduma na kansa. Wasu masu kyakkyawar niyya sun ba da shawarar a bar musu kayan kawai, tunda su ne za su yi amfani da su. Malamanmu suka ce hakan ba ya halatta, domin daga ranar da ya rasu zartunansa da gizagonsa da teburin aikinsa sun zama gado, a cikin magadan kuma akwai ƙananan yara, kuma gargaɗin da Allah ya yi a aya ta 10 ta Suratun Nisa'i kan cin dukiyar maraya ba abin wasa ba ne. Matsayar da muka cim ma ita ce a gayyato kafintoci biyu daga wajen garin su yi wa kayan kuɗi bisa adalci a gaban Malam Liman da dagaci, idan magada sun amince kwamiti ya saya, a ba su kuɗinsu, sannan a mayar da kayan waƙafi su zauna a rumfar. Yaran su ci gaba da aiki da su, su ci abinci, su riƙa kula da gyare-gyaren masallaci da makaranta da makara kamar yadda ubangidansu ya saba. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya tasa yana son sana'ar mahaifinsa, zai tarar da gizagon kakansa a inda aka bar shi. A ganinmu wannan ne ya fi kusa da abin da marigayi zai so, kuma muna fatan koyarwar da ya yi ta shiga cikin ilimi mai amfani da ladarsa ba ta yankewa bayan mutuwa.

Game da iyalinsa, mai ɗakinsa tana cikin takaba ta wata 4 da kwana 10, kuma wa'adin zai ratsa lokacin shuka. Matasan gari sun ɗauki alkawarin yi musu sharar gona da shuka da noman farko ta hanyar gayya. Abin da ya rage shi ne abincin da za su ci kafin kaka, da iri, da taki. Wanda ke da tiyar gero ko dawa ko wake ya kai gidan Malam Liman, mata kuma su bi ta hannun shugabar ajin matan aure ta Islamiyya.

Muna jan hankali kan wani bambanci domin kada a gauraya. Wanda zai ba da zakka ya faɗa tun farko cewa zakka ce, za a ware ta domin iyalin marigayi kaɗai, saboda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane takwas da ake bai wa zakka, kuma mafi yawan malamai ba su sa ginin masallaci ko makaranta a ciki ba. Biyan katako, da sayen kwano, da sayen kayan aikin da za a yi waƙafi da su, duk za a yi su ne da sadaka ta ganin dama. Idan abin da aka tara bai isa duka ba, za a fara da bashin da ladar aikinsa, sannan rufi, sannan kayan rumfa.

Kuɗi ana bayar da shi ne a hannun ma'ajin kwamiti a gaban shaida ɗaya, a kuma karɓi rasit. 'Yan'uwa mazauna nesa su tuntuɓi Malam Liman ko ma'aji ta hannun danginsu na gida kafin su tura komai, kada wani ya tura kuɗi zuwa asusun da ya gani ana yawo da shi a waya ba tare da ya tabbatar ba. Wanda ya fi so ya sayi kwano ko katako da kansa a Kano ya sanar da mu, za mu haɗa shi da direbobin garinmu da ke dawowa gida, ko ya aiko da kayan ta hannun masu zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Wanda ba ya son a ambaci sunansa za a rubuta gudummawarsa da sunan wani bawan Allah. Duk Juma'ar ƙarshen wata, bayan an idar da salla, magatakarda zai karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, kuma littafin lissafi yana nan a buɗe ga duk wanda ya so ya duba.

Da zarar kwano ya cika za a sanar da ranar ɗora shi a masallatan unguwanni, kuma babban yaron marigayi ne zai jagoranci aikin daga inda ubangidansa ya tsaya. Muna buƙatar majiya ƙarfi masu miƙa kwano da masu riƙe tsani tun bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga kwano ya yi zafin da ba a iya taɓa shi.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Magatakarda, a madadin Kwamitin Masallacin Juma'a da Makarantar Islamiyya.